Garkuwar Gidan Rautenfels

Fadar Rautenfels,
12 ga Oktoba, 1897

Zuwa ga ɗana Volkmar,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Na san sai ka juya ambulan ɗin ka sake juyawa, domin rabonka da ganin rubutuna tun rasuwar mahaifinka. Ni ce dai gwaggonka Mechthild. Ban mutu ba tukuna, gwiwoyi ne kawai suka ƙi ni, hawa benen fada ya zame mini aikin yini guda. A wurin faston garinmu na sami adireshinka, ya ce kana can ƙasar Chile kana ɗora wa mutane gadoji a kan koguna. Allah ya taimaka.

Ba lafiya ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Yarima Egon ya rasu a watan Agusta, ciwon huhu ya ɗauke shi, bai ko yi aure ba. Ka san shi kaɗai ne ɗan baffanka, Sarki Ottokar. Bayan jana'iza da 'yan kwanaki Yaya ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin cin abinci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana magana, amma sai ka kasa kunne sosai. Hankalinsa garau yake, baƙar zuciyar tasa ma tana nan yadda ka bar ta.

To, ka lissafa da kanka. Mu uku iyayenmu suka bari: Yaya, da ni, da ubanka Leberecht. Ni mace ce, a dokar gidan nan kuwa mace ba ta gādo, ba a kuma gādo ta wajenta. Ubanka ya je ya miƙa wa mahaifiyarka hannun hagu a gaban fasto, auren da mata da 'ya'yanta ba sa gādo, saboda Hanne 'yar mai injin niƙa ce, shi ya sa kake amsa sunan Tannau ba Rautenfels ba. Ke nan ranar da Yaya ya rufe ido, babu namiji ko ɗaya da doka ta sani. Ƙasa za ta koma hannun gidan sarautar Lindach bisa tsohuwar yarjejeniyar kakanni. Tun yanzu sun fara aiko da gaisuwar duba mara lafiya kowane mako, har da kwandon tuffa, kai ka ce ƙaunarmu ce ta kama su.

Ƙasar ba ita ta fi damuna ba, garkuwar ce. Ka tuna da ita, ta katako mai hoton barewa da hasumiya, wadda ke rataye a cocin fada. Idan namiji na ƙarshe ya mutu, sauke ta za a yi, a tsaya a bakin kabarinsa a fasa, a watsa gutsattsarin a kan akwatin gawa, shi ke nan an binne gida tare da mai gida. Ina yarinya aka kai ni na ga an yi wa wani gida haka, har yau ƙarar katakon tana kunnena. Shekara ɗari shida muna nan, Volkmar. Ina tsoron in ga wannan rana da idona.

Shekaranjiya na shiga wurin Yaya ana ba shi miya. Na ce, "Yaya, akwai fa ɗan Leberecht."

Ya ce, "Wane ɗa? Jikan mai garin alkama?"

Na ce, "Shi ɗin. Ko dai shi, ko kuwa matar Sarkin Lindach ta zuba karnukanta a ɗakin karatunka. Sai ka zaɓa."

Ya wurgo mini cokali da hannunsa mai lafiya, bai same ni ba. Can ya ce a kira masa Waziri.

Waziri Pfannstiel, wanda har yanzu yake tari kafin kowace magana, ya ce akwai hanya. Mai gida, muddin yana da rai, yana da ikon ɗaga auren hagu ya mayar da shi na dama, ya zama kamar tun ranar farko haka aka ɗaura shi. Idan ya yi haka, kai yarima ne tun haihuwa, kai ne kuma magaji. Sai dai dole ka zo da ƙafarka ka tsaya a gabansa, ba a yin wannan ta takarda.

Likita ya ce Yaya zai iya kai baɗi, zai kuma iya tafiya gobe. Don Allah ka taho.

Gwaggonka,
Mechthild

*

Valdivia,
2 ga Disamba, 1897

Zuwa ga Gwaggo,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan gwiwoyi sun yi sauƙi. Nan muna lafiya, ruwan sama ya ɗan ɗaga mana, aiki yana tafiya. Ina yi muku ta'aziyyar Egon. Ba mu saba ba, amma shi kaɗai ne a fadar nan da ya taɓa kirana ɗan'uwa, ko da yake sai da ya waiga ya ga babu mai ji. Ki yi wa Baffa sannu.

Zan gaya miki gaskiya. Da na karanta takardarki dariya ta fara zo mini. Ni da nake shiga fada ta ƙofar kicin in zan gai da ubana, yau ni ake nema in riƙe gida. Sarauta ba ta gabana, Gwaggo. Na iya auna ƙarfe, na iya auna zurfin kogi, amma ban iya zama a kujera ana zubewa ana gaishe ni ba. Garkuwar ma, daga bencin baya muke hangen ta ni da Inna, inda kuyangi ke zama.

Amma kin rubuta abu ɗaya da ya hana ni cin abinci ranar nan, wato hannun dama. Ranar da aka binne Baba a ɗakin kaburburan da ke ƙarƙashin coci, a bakin ƙofa aka tsayar da Inna, daga nan ta yi kukanta. Da ta rasu aka kai ta maƙabartar ƙauye, kusa da katanga. Shekara ashirin da biyar suna tare, ba su taɓa kwana biyu a rabe ba sai da suka mutu. In dai zuwana zai sa a kira ta matar Leberecht ba tare da an yi ƙasa da murya ba, a kuma ɗauko ta a kwantar kusa da shi, to zan zo. Ki tambayar mini Waziri wannan, ki ba ni amsa ƙarara.

Gadar da ke hannuna za ta ƙare a Fabrairu, akwai kuma jirgin ruwa a watan Maris.

Matata Gesine tana gaishe ki. Shekara biyu ke nan da aurenmu, a cocin Jamusawa na garin nan aka ɗaura. Mahaifinta majemi ne, asalinsa mutumin Bremen, yana da babbar majema a bakin kogi. Tana da juna biyu, haihuwa sai watan Mayu, don haka ni kaɗai zan fara tahowa, ita ta biyo baya. Na karanta mata takardarki, ta ce, "Je ka, ko don tsohuwarka. Amma in sun naɗa ka, kada ka dawo kana miƙo mini ƙafa in cire maka takalmi, don wallahi da shi zan buge ka." Za ki so ta, Gwaggo, bakinku ɗaya.

Ɗanki,
Volkmar

*

Fadar Rautenfels,
20 ga Janairu, 1898

Ɗana Volkmar,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙanƙara ta rufe mu har tagogin ƙasa, ni kuma mura ta kwantar da ni mako guda, amma takardarka ta tashe ni, ta fi maganin likita. Allah ya yi maka albarka. Yaya yana nan, jiya har ya zauna a kujera ya zagi mai aski.

Maganar mahaifiyarka an gama. Waziri ya ce da zarar an ɗaga auren, Hanne ta zama Gimbiya, wurinta kuma yana kusa da mijinta. Har na sa magini ya sauka ya auna wurin, ya ce ya isa. Ka ga ba mu da mugun nufi.

Yanzu maganar yarinyar nan. Ba zan ɓoye maka ba, da na kai wurin na ga "matata," na ga "majemi," sai na fashe da kuka. Na aika a kira Waziri, ya zo ya same ni ina kuka. Na miƙa masa takardar na ce, "Pfannstiel, mun mutu." Ya karanta, ya yi tari, sai na ga mutum yana murmushi.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ya taɓa aiko wa Sarki neman izinin aure?"

Na ce, "Ina! Ko katin gaisuwar Kirsimeti ba ya aikowa."

Ya ce, "To share hawayenki, gwauro ne."

Ga yadda abin yake, ka karanta a hankali don ka ga irin sa'ar da muka yi. Ɗan gidan nan ba ya aure sai da izinin mai gida a rubuce, duk auren da aka ɗaura babu izini kuwa gida bai san da shi ba. Da kana Tannau wannan bai shafe ka ba. Amma ranar da Yaya ya sa hannu, ka zama yarima tun daga ranar da aka haife ka, ke nan lokacin da ka shiga cocin can yarima ne ya shiga, ba shi da izini. Babu saki, babu kotu, babu tonon silili, abin ya warware da kansa. Na yi ta yi wa Allah godiya.

Kada ka damu da ita, ba za a wulaƙanta ta ba. Za a kula da ita har ƙarshen ranta, abin da ta haifa kuma sai a ba shi sunan Tannau tunda kai ka ajiye shi. Mu ba mutanen banza ba ne.

Na riga na fara duba maka. Akwai Gimbiya Theda, 'yar ƙanwar marigayiya matar Yaya. Haƙoranta sun ɗan yi gaba, ba ta kuma da yawan magana, amma kakanninta goma sha shida babu wanda ya taɓa riƙe abin aiki da hannunsa, kuma 'yan gidansu maza suke haifa. Ban faɗa wa Yaya zancen majemi ba, babu amfanin tayar masa da jini a kan abin da ya riga ya wuce.

Ka taho da kaya masu kauri, watan Afrilu a nan ba shi da amana.

Gwaggonka mai murna,
Mechthild

*

Valdivia,
14 ga Fabrairu, 1898

Gwaggo,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya ke da Baffa. Ban ga amsarki ba tukuna, amma jirgin wasiƙu zai tashi gobe, na ce bari in sanar da ke inda aka kwana. Gada ta ƙare, jiya aka bi ta kanta da keken shanu cike da itace ba ta ko motsa ba. Na ajiye aiki, na yanki tikitin jirgin ashirin ga Maris.

Gesine lafiyarta lau, sai dai ƙafafu sun kumbura. Ta ɗinka mini babbar riga, mahaifinta kuma ya jeme fata mafi kyau a majemarsa ya ce in kai wa Baffa, a yi masa takalmi mai laushi na mara lafiya. Kullum da yamma sai ta dafa tebur tana koyon irin rusunawar da ake yi wa gimbiya, ga ciki a gaba, ta yi ta kasawa muna dariya. Jiya ta ce, "Tambayar mini Gwaggo, sau nawa ake durƙusawa? In ya wuce ɗaya sai dai ta yafe mini." Tana tsoronki ƙwarai, amma ta ce tunda ba ta sami uwar miji ba, ke za ta riƙe.

Sai mun sadu,
Volkmar

*

Valdivia,
9 ga Maris, 1898

Zuwa ga Gimbiya Mechthild,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, in dai ana kiran wannan lafiya.

Takardarki ta watan Janairu ta iso ranar Litinin. Da yake na saba, a gaban Gesine na buɗe ina karanta mata da ƙarfi. Muka yi murnar zancen Inna, har ta rungume ni. Na ci gaba da karatu, ban ankara ba sai da na furta kalmar gwauro da bakina. Na tsaya, ta ce, "Ƙarasa mana." Na ƙi, ta karɓa ta karanta da kanta har zuwa haƙoran Gimbiya Theda. Ba ta yi kuka ba. Ninkewa ta yi ta miƙo mini, ta ce, "Ashe ni ce sa'ar da aka yi." Tun ranar ba ta ƙara dafa teburin nan ba.

Na karanta a hankali kamar yadda kika ce. Ga abin da na gane: hannun da zai shigar da uwata cikin coci, shi zai fitar da matata. Za a ɗauko Inna daga gindin katanga, a kai Gesine ta tsaya a inda ta tashi, ɗana kuma ya gaji bencin baya da ƙofar kicin. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da murna kika rubuta. Na tabbata ba mugunta ba ce, har zuciyarki albishir kike yi mini. Shi ya sa abin ya ba ni tsoro.

Ba ki san Inna ba, Gwaggo, gaisuwarta kawai kike amsawa daga nesa. Ni na san ta. Da za a tashe ta a ce ga wurinki kusa da mijinki, amma sai an yi wa wata 'yar mutane abin da aka yi miki, cewa za ta yi a mayar da ita cikin ciyawarta.

Hannun dama na miƙa wa Gesine a gaban fasto da shaidu, ban kuwa ari hannun daga gidan Rautenfels ba. Idan Baffa yana da ikon gyara auren da aka ɗaura shekara arba'in da suka wuce, yana da ikon ba da izini ga wanda aka ɗaura shekara biyu. Ki gaya masa komai, har da majemar. In ya yarda, zan shigo jirgi na gaba. In bai yarda ba, ku nemi wani.

Na mayar da tikitin. Mai kamfani ya mayar da ni bakin aiki, bayan ya gama yi mini dariyar yarima ya dawo.

Volkmar Tannau

*

Fadar Rautenfels,
26 ga Afrilu, 1898

Volkmar,

Ina gaishe ka, ko da yake kai ka tuɓe ni daga gwaggo ka mayar da ni gimbiya. Jikina da sauƙi. Na Yaya babu sauƙi, ya sake faɗuwa a farkon watan nan, yanzu sai an juya shi.

Takardunka biyu tare suka zo, da na san haka da na fara da ta biyun. Na karanta zancen rusunawa ina dariya, na buɗe ɗayar dariyar ta koma ciki. Ka ji mini ciwo. Ba ni na kafa dokar nan ba, a cikinta aka haife ni, ni ma ta ci rabonta a jikina. Kana tsammanin rashin manema ne ya sa na tsufa a ɗakin da aka yaye ni? Kowa a gidan nan ya ba da wani abu don garkuwar can ta ci gaba da ratayuwa. Kai kaɗai ne kake ganin naka ya fi ƙarfin bayarwa.

Duk da haka na yi abin da ka ce. Na shiga na rufe ƙofa na gaya masa komai.

Sai ya ce, "Majemi?"

Na ce, "Babban majemi ne, Yaya, yana da ma'aikata."

Ya ce, "Babba ya fi wari. Na haɗiye garin alkama don ke, yanzu kuma ruwan jima za ki ɗura mini?"

Na ce, "In ba ka haɗiye ba, a kanka za a fasa garkuwar. Kai za a riƙa cewa na ƙarshe."

Ya ce, "Gara a fasa ta da tsabtarta."

Na durƙusa masa a kan gwiwoyin nan nawa, sai da kuyanga biyu suka ɗaga ni. Iyakar abin da na samo shi ne wannan: ya yarda a bar maka yarinyar a hannun hagu, ba sai ka rabu da ita ba, an kuma janye zancen Theda. Kai ka hau, 'ya'yanta ba za su gada ba. Na san abin da za ka ce. Amma ka duba, Volkmar, in ka hau kai ne mai gida, Waziri ya ce wataƙila nan gaba a sami wata dabara, ko da yake mutanen Lindach za su kai ƙara har gaban Sarkin Sarakuna. Ka zo ka karɓa tukuna, ka ba ta haƙuri na 'yan shekaru. Ubanka ya rayu a haka, bai mutu ba.

Ranar Asabar na shiga coci na tarar an sauke garkuwar, kafinta ya kifa ta a kan benci yana yi mata zarto ta baya. Na daka masa tsawa, ya ce Waziri ne ya sa shi, wai katakon ya yi tauri, a rage masa ƙarfi yadda zai fashe a bugu ɗaya kada a ji kunya gaban baƙi. Mutum yana sama yana numfashi, su suna ƙasa suna shiri. Na zauna a bencin na yi kuka kamar yarinya.

Ban taɓa roƙon kowa ba sai Yaya, sai kai. Ka yi wa Allah ka zo.

Gwaggonka, ko ka so ko ka ƙi,
Mechthild

*

Valdivia,
18 ga Mayu, 1898

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jikin Baffa da sauƙi. Har yanzu ban ji daga gare ki ba, ban san ko fushi ne ko jirgi ne ya makara ba. In kalamaina sun yi zafi ki yafe, amma maganata tana nan inda take.

Gesine ta sauka ranar Lahadi, an sami ɗa namiji. Ta sha wuya, amma ita da shi suna lafiya. Ƙato ne, muryarsa har majema ana ji. Mun sa masa Hinnerk, sunan kakansa majemi, wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana kuka yana goge hanci da hularsa. Ita ce ta ce lallai in rubuta miki. Ta ce, "Ko ba ta san da ni ba, jikanta ne, a gaya mata."

Ɗanki,
Volkmar

*

Rautenfels,
9 ga Yuli, 1898

Ɗana Volkmar,

Ina gaishe ka, ina yi maka barka, ina kuma yi maka ta'aziyya, duk a takarda ɗaya. Lafiyata ƙalau, abin har yana ba ni haushi. Baffanka ya rasu ranar ƙarshe ta watan Yuni, da hantsi, bai sa hannu a komai ba. An binne shi ranar Talata. Na san takardata ta Afrilu ta same ka, kada ka wahalar da kanka da amsa ta.

Albishir ɗinka ya iso ana gobe jana'iza. Ban gaya wa kowa ba.

Coci ya cika. Mutanen Lindach suka zauna a gaba cikin baƙaƙen kaya sababbi fil, da gani an daɗe da ɗinka su. Aka sauka da akwatin ƙasa, muka bi da kyandir. Fasto ya gama nasa, sai mai shela ya fito riƙe da garkuwar, Waziri na gefensa da guduma a kan matashi. Al'ada ce kafin a fasa a yi tambaya sau uku. Ya ɗaga murya ya ce, "Akwai sauran namiji na jinin Rautenfels? In akwai, a amsa!" Shiru. Ya sake, shiru, sai kukan wata tsohuwar kuyanga a baya.

Ban shirya komai ba, Volkmar, na rantse maka. Shekarata sittin da takwas ban taɓa ɗaga murya a coci ba. Da ya yi ta uku sai na ji bakina ya ce, "Akwai. Har biyu."

Kowa ya juyo. Matar Sarkin Lindach ta dafe ƙirji. Mai shela, yaron kirki ne, ya tsaya da baki buɗe yana kallon Waziri. Pfannstiel ya matso kusa da ni, ko tarin bai yi ba, ya ce a hankali, "Ranki ya daɗe, ba mata ake tambaya ba."

Na ce, "To ai mazan ne ba ku bari sun zo ba."

Ya ce, "A yi haƙuri, a riƙe ta, zafi ne ya yi mata yawa." Ya juya ya gyaɗa wa mai shela kai.

Mai shela ya ce, "Ba a ji amsa ba." Ya ɗaga guduma ya ce, "Yau Rautenfels, daga yau babu Rautenfels." Kafinta ya iya aikinsa, bugu ɗaya ta rabe. Ƙarar ma ba ta kai yadda nake tsoro ba, kamar an taka busasshen reshe.

Akwai abin da dole ka sani, gara ka ji daga bakina. Idan gida ya ƙare, toshe ƙofar ɗakin kaburbura ake yi da dutse, ba mai ƙara shiga. Jiya magina suka gama. Wurin da aka auna wa mahaifiyarka yana ciki, babu kowa a kansa, haka kuma zai zauna. Ni ma ba a can za a sa ni ba.

Ina fushi da kai, ba zan yi maka ƙarya ba. Da ka zo da ba a yi wannan ba. Amma na zauna na yi ta neman abin da nake so a ce ka yi, in na kama wannan sai in tuna da yarinyar can da ta ce a gaya mini, sai in sake shi. Na rasa wanda zan ɗora wa laifi in huta, wannan ya fi fushin ciwo.

An ba ni zuwa ƙarshen wata in kwashe kayana. Zan koma gidan tsofaffin gimbiyoyi da ke Marienau, ɗaki ɗaya a ƙasa, babu bene. Ka gaishe mini da Gesine, ka ce na gode. Ka shafa mini kan Hinnerk. Ba ni da abin da zan aiko masa, abin da na yi niyyar bar masa yana ƙarƙashin coci a farfashe.

In za ka rubuto, ka sa Mechthild kawai da sunan gidan Marienau, zai same ni. Sauran sunan an binne shi ranar Talata.

Gwaggonka,
Mechthild